Zagayen jirgin koyon yaƙi kafin ya tashi: abin da za ka duba, da dalilin da ya sa aka ƙera shi haka

Wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san ƙarar ƙananan jiragen sojan sama da ke ratsa saman Accra idan an zo bikin 6 ga Maris, ranar samun 'yancin kan Ghana. Yara su fito da gudu, manya su ɗaga kai, kafin ka nuna da yatsa sun wuce. Mutane kan kira su jiragen yaƙi, amma asalinsu jiragen makaranta ne: kujera biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya. Wannan bayani na matashin da ya shiga sojan sama a ɓangaren gyara ne, ko yake shirin shiga, da kuma fita, wato makanike, da ya goge a kan injin mota yana son sanin inda aikin jirgi ya bambanta da nasa. Abu ɗaya tun daga farko, ƙanena: kowane jirgi yana da littafinsa, kuma duk inda lambar littafi ta saɓa da abin da ka ji a bakin wani, ta littafi ita ce gaskiya.

Daga ina waɗannan jirage suka fito

Bayan yaƙin duniya na biyu jiragen yaƙi suka koma amfani da injin jet, sai aka ga tazara ta yi yawa tsakanin ƙaramin jirgi mai farfela da ake fara koyo a kansa da jirgin da ke gudun kusan sauti. Ɗalibai suna ta hallaka a wannan tsallake. Shi ya sa aka ƙirƙiro jirgi na tsakiya, mai injin jet amma mai haƙuri: fukafukai miƙaƙƙu ba masu lanƙwasa baya ba, domin ya iya sauka a hankali, ƙafafu masu ƙwari, domin ɗalibi zai buga shi da ƙasa ba sau ɗaya ba, da inji mai saukin hali.

An kafa rundunar sojan saman Ghana a 1959, zamanin Kwame Nkrumah, kuma ta yi aiki da dama daga cikin manyan jiragen wannan aji. Akwai MB-326 na kamfanin Aermacchi a Italiya, ƙirar Ermanno Bazzocchi, wanda ya fara tashi a Disamban 1957 da injin Viper na Ingila. Akwai magajinsa MB-339 na 1976, wanda babban gyaran da aka yi masa shi ne ɗaga kujerar baya, domin malami ya riƙa hango titin sauka ta saman kan ɗalibi. Akwai L-29 Delfin na ƙasar Cekoslobakiya, wanda ya fara tashi a 1959, ya kuma doke Yak-30 na Rasha da TS-11 Iskra na Polan a gasar 1961, ya zama jirgin koyo na yawancin ƙasashen ƙawancen Warsaw, wato Tarayyar Soviet da ƙawayenta na gabashin Turai. Daga baya aka zo kan L-39 Albatros, sannan K-8 na Sin, wanda Ghana ta fara karɓa a 2007, guda huɗu.

Biyu na ƙarshen nan za mu riƙe. L-39 ya fito daga masana'antar Aero Vodochody, ƙarƙashin jagorancin Jan Vlček, ya fara tashi ranar 4 ga Nuwamba 1968, kuma an ƙera sama da 2,800. Tsawonsa mita 12.13, faɗin fukafukansa mita 9.46, gudunsa yana kai kilomita 750 a awa. Injinsa Ivchenko AI-25TL ne, irin wanda ke da fanka a gaba, wani kaso na iska ya bi ta gefe ba tare da ya shiga wuta ba. Wannan ya sa ya fi L-29 tattalin mai nesa ba kusa ba. K-8 kuwa haɗin gwiwar kamfanin Nanchang ne, wanda yanzu ake kira Hongdu, da Pakistan. Sunansa Karakorum daga duwatsun da ke kan iyakar ƙasashen biyu aka samo shi. Ya fara tashi ranar 21 ga Nuwamba 1990. Tsawonsa mita 11.6, faɗinsa 9.63, gudunsa kusan kilomita 800 a awa, kuma yawancin waɗanda aka sayar wa ƙasashen waje injin TFE731 na Amurka ne a cikinsu. Ƙarfin injunan biyu kusan ɗaya ne. Za mu fi kafa misali da L-39, don ƙirarsa ta fi bayyana niyyar maƙeransa ƙarara, amma tsarin zagayen ɗaya ne.

Kafin ka taɓa jirgi

Ka fara da aljihunka. Sulalla, makulli, biro, ƙwayar carbi da ta tsinke: duk a fitar. Injin jet yana zuƙar iska da ƙarfin da zai ɗauke hula daga kan mutum, kuma noti guda ɗaya ya isa ya karya wuƙaƙen fanka, ɓaraguzan su bi ta ciki su lalata na bayansu. Sannan ka ƙirga kayan aiki. A garejin mota a Abossey Okai ko Suame, sufana ta ɓace a ce za ta fito. A nan idan sufana ɗaya ba ta koma gurbinta a akwati ba, jirgin ba ya tashi sai an gan ta, ko da za a kwance rabin jikinsa. Dalili shi ne jirgin koyo yana juyawa ciki sama, kuma abin da aka manta a ƙasan ɗakin tuƙi zai gangara ya maƙale a sandunan sarrafawa.

Ka karanta littafin tarihin jirgin: me matuƙin jiya ya rubuta, wa ya gyara, wa ya sa hannu. Ka tabbata akwai weji, abin tare taya, gaba da bayan tayoyi, da tukunyar kashe gobara a kusa. Sai ka ɗauki tocila da tsumma mai tsabta da kwalbar gwajin mai.

Ana hawa waɗannan jirage ta hagu, murfin gilashi yana buɗewa zuwa dama. Daga nan ake fara zagaye, a bi ta hanci, a dawo ta jela, kullum hanya ɗaya. Idan wani ya kira ka a tsakiya, ko da oga ne, kada ka ci gaba daga inda kake zaton ka tsaya. Koma baya ka sake.

Kujera tukuna

Abu na farko a ɗakin tuƙi shi ne filolin tsaro na kujerar da ke cilla matuƙi. Wannan kujera bindiga ce da roka a ƙarƙashin mutum. Muddin jirgi yana ƙasa, fil ɗin da ke hana ta tashi dole ya kasance a raminsa da jan ƙyallensa a bayyane, a kujerar gaba da ta baya. Ba ka jingina, ba ka miƙa hannu ciki, sai idonka ya ga duka. Kujerar L-39 ta asali, VS1, tana buƙatar jirgi ya kai gudun kilomita 150 a awa kafin ta iya ceton mutum daga matakin ƙasa. Kujerun Martin-Baker da ake sa wa K-8 na ƙasashen waje suna iya fitar da matuƙi ko jirgi yana tsaye cik. Ga makanike wannan bambanci ba ya rage komai: kowacce ta tashi da kai a kanta ba ɗaure ba, ko a cikin rumfa, babu tsira.

Duba ɗamarar kujera, ko zare ya fara tsinkewa ko mai ya taɓa ta. Duba gilashi ta hasken rana a karkace, don ƙananan tsage-tsage ba sa fitowa idan ka kalle su kai tsaye. Lokacin hunturu kada ka goge ƙura da busasshen tsumma; yashi ne, zai kankare gilashin, sai ɗalibi ya zo sauka da yamma rana ta cika masa ido. A zuba ruwa ya wanke ƙurar, sannan a bi da tsumma mai laushi. Robar da ke bakin murfin ita ke riƙe iskar ɗakin idan an yi sama, saboda haka ka bi ta da yatsa gaba ɗaya.

Ma'aunin oksijin ma a nan yake. Hannun da ya taɓa giris ba ya taɓa bututun oksijin, sufana mai maiƙo ma haka. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da maiƙo yana kamawa da wuta ba tare da ashana ba.

Hanci, da ramin da ya fi kowane ƙanƙanta

A ƙafar gaba ka duba sandar shokazoba mai ƙyalli. Littafi ya faɗi tsawon da ya kamata ya fito. Idan ta nutse, ko dai naitirojin ya tsere ko mai ya zube, kuma za ka ga alamar jiƙa a jikinta. Goge ta tsaf, don ƙurar da ta manne a kai ita ke cinye robar ciki. A L-39 tayar gaba ba ta da sitiyari. Matuƙi yana juya jirgi a ƙasa ne ta hanyar matse birki a hannu da taka feda ɗaya. Ɗalibai sababbi suna wahalar da birkin nan sosai, za mu je kansa.

Yanzu bututun auna gudu. A L-39 guda biyu ne, ɗaya a gaban kowane fiffike. Iska tana shiga ta ɗan ramin bakinsa, matsinta ne ke zama lambar gudu a agogon matuƙi. Zanzaro yana son irin wannan rami fiye da komai, kuma cikin yini ɗaya zai iya cika shi da laka. A Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan da tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun gano bututun auna gudu ɗaya a toshe yake, kuma zargi ya fi ƙarfi a kan gidan zanzaro, don jirgin ya daɗe a ajiye. Saboda haka murfin bututun yana komawa da zarar jirgi ya tsaya ya huce, kuma yana fita kafin tashi. Mantawa da cire shi daidai yake da toshewar. Haska tocila ciki. Idan ka ga laka, kada ka hura da baki, kada ka zura waya: hurawa tana fasa agogo, waya tana faɗaɗa ramin ta ɓata awo. A kira masu kula da agogo su kwance su gwada.

Bakin shan iska

Ka lura da inda maƙeran L-39 suka sa bakunan shan iska: can sama, bayan ɗakin tuƙi, bisa fiffike. Da gangan ne. An tsara jirgin ya iya tashi daga filin ciyawa ko na tsakuwa, sai fiffike ya zama garkuwa tsakanin bakin da abin da taya ke watsowa. Har ƙofofin ƙafafu an yi su suna rufewa bayan ƙafa ta fito, don kada laka ta shiga rami. Wannan ya rage haɗari, bai kawar da shi ba. Hau ka leƙa da tocila har ka ga fuskar fanka. Abin da kake nema: tsumma, ganye, leda, sheƙar tsuntsu, ribit (ƙusar da ke haɗa fatar jirgi) da ya saki, da tabo a bakin wuƙaƙe. Ɗan tabo kamar cizon ɓera a wuƙa ba ƙaramin abu ba ne, don daga nan tsaga ke farawa idan tana juyawa sau dubbai a minti. A auna shi a gwada da iyakar littafi.

Jini, gashi ko ƙaurin nama a bakin yana nufin an haɗiye tsuntsu, ko matuƙi bai ji ba. Accra na da shirwa da hankaka da balbela, ga kuma jemagun nan da ke rataye a itatuwan wajen asibitin soja na 37, waɗanda ke tashi dubbai da magariba ba nisa da filin jirgi. Inji da ya ci tsuntsu sai an zura madubin leƙen ciki kafin a bar shi ya koma aiki.

Fiffike, taya da mai

Bi gaban fiffike da tafin hannu. Hannu yana jin lotsawar da ido bai gani ba. Ribit da ya saki yakan bar baƙin layi a bayansa kamar an ja gawayi. Fenti da ya kumbura kamar ƙuraje, da farin gari a ƙarƙashinsa, tsatsar alminiyam ce. Iskar teku a Accra da Takoradi tana ɗauke da gishiri, kuma wuraren da ta fi ci su ne ramukan ƙafafu, maɗaurai, da ƙasan jiki inda ruwa ke kwanciya. Wanka da ruwa mai daɗi a kan lokaci ya fi kowane magani araha.

A ƙarshen kowane fiffiken L-39 akwai tanki na dindindin mai cin lita 100, ban da sama da lita 1,000 da ke cikin jiki bayan kujeru. Buɗe ka gani da ido, kada ka dogara da agogo, kuma ka tabbata biyun sun yi daidai; ɗaya cike ɗaya wofi zai riƙa jan jirgi gefe. Rufe murfin har ya kulle ya kwanta daidai da jiki.

Gwajin ruwa a mai shi ne aikin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali a ƙasa mai laima kamar tamu shi ya fi muhimmanci. Tankin da ya kwana ba cike ba yana gumi ta ciki da dare. Ruwa ya fi man jirgi nauyi, lita ɗaya ta mai kusan giram 800 ce, don haka ruwan yana taruwa a ƙasa inda ramin tsiyaya yake. Tsiyaya cikin kwalba mai tsabta, ɗaga ta ga haske, juya ta. Ruwa zai bayyana kamar ƙwallaye a gindi, ko man ya yi hazo. Hattara da kwalbar da ruwa ne zalla, don ita ma garau take; akwai ƙwayar gwaji da ke canja launi, a yi amfani da ita. Ci gaba da tsiyaya har sai mai ya fito tas. Ruwan da aka bari yana daskarewa a sama ya toshe matata, a ƙasa kuma yana haifar da wata baƙar gansakuka da ke cin tanki.

Motsa leɓen fiffike da ke karkata jirgi, sama da ƙasa, a hankali. A L-39 sanduna ne kai tsaye daga hannun matuƙi, babu taimakon haidirolik, don haka duk wani gurzawa ko sassauci za ka ji shi a hannunka. Filaf kuwa, wato leɓen bayan fiffike na kusa da jiki, wanda ke sauka digiri 25 don tashi, 44 don sauka, da haidirolik yake aiki, haka ƙafafu da birki da allunan rage gudu biyu da ke ƙarƙashin ciki. Man haidirolik ja ne. Ɗigo ja a ƙasa, ka bi shi har tushensa, amma ba da yatsa a kan tiyo mai matsi ba, don siririn feshinsa yana huda fata.

Tayoyin baya su ne suka fi shan wuya a jirgin makaranta. Nemi inda ta cinye wuri ɗaya ta yi faƙo, alamar ɗalibi ya danne birki taya ta ja. Idan zare ya fito, ta gama. Akwai ɗan layin fenti da ake ja daga taya zuwa ƙarfen wili; idan layin ya rabu biyu, taya ta zame a kan wili, bawul na cikin haɗari. Ana auna iska da ma'auni taya tana sanyi, ba da bugun ƙafa ba, kuma naitirojin ake sawa. Idan jirgi ya dawo birki da zafi, ka tunkare shi ta gaba ko ta baya, ba ta gefen wili ba, kuma kada ka watsa masa ruwa.

Jela ba ta da yawan magana: maɗaurai, wayoyin kulle noti, fitilu. Leƙa bututun hayaƙi ka ga wuƙaƙen baya, ko sun ƙone, ko akwai ɗigon ƙarfe da ya narke, ko mai ya taru a ƙasa. Duk bayan L-39 yana cirewa gaba ɗaya don a zaro inji, saboda haka ka dubi mahaɗin da kyau idan an yi aiki a wurin kwanan nan. Ɓangaren hagu maimaicin na dama ne, kuma a nan ne ido ke fara gajiya. Ka ba shi lokaci daidai da na farko.

Tayar da inji

L-39 yana ɗauke da wani ɗan ƙaramin inji mai suna Safir, wanda ke hura iskar da za ta juya babban. Wannan ma daga tunanin filin daji ya fito: jirgi ya iya tashi da batirinsa ba tare da motar wuta ba. Matuƙi ya tayar da ƙaramin, ya jira fitila, sannan ya tayar da babban. Kai kana tsaye gaba ta gefe inda yake ganinka, nesa da bakin iska, babu kowa a baya, kunnuwa a toshe.

Matsala uku ake tsaro. Ta farko zafi ya haura jan layi tun inji bai kai gudunsa ba. Sababinta yawanci raunin batir, ko iska mai kaɗowa ta baya, ko mai da ya kwanta a ciki. Daƙiƙa kaɗan sun isa su ƙona wuƙaƙen baya, don haka ana yanke mai nan take kuma a rubuta lambar da zafin ya kai. Ta biyu inji ya kama amma ya tsaya a ƙasa da gudun da ya kamata, yana ta ɗumama. Ta uku mai ya shiga wuta ba ta kama ba, sai ka ga farin tururi da warin kananzir a baya. A duk ukun ba a sake gwadawa kai tsaye. Sai an jira lokacin da littafi ya ce, an juya inji ba mai ba wuta don ya busar da cikinsa. In ba haka ba, gwaji na biyu zai fito da harshen wuta ta jela.

Inji ya daidaita, matuƙi zai sauke filaf ya buɗe allunan rage gudu, kai kana tabbatar masa da hannu cewa ɓangarorin biyu sun motsa tare. Ka sake leƙa ƙasa ko yoyo ya fito yanzu da matsi ya hau. A ƙirga filolin kujera da jajayen murafai a nuna wa matuƙi ya gani da idonsa, sannan a janye weji.

Idan ya dawo, kafin kowa ya taɓa agogon da ke riƙe nauyin juyi, ka karanta shi. An gina L-39 ya jure ninki 8 na nauyinsa zuwa sama, 4 zuwa ƙasa, kuma ɗalibin da ya firgita yakan fizgi sanda ya wuce haka. Idan allura ta haura, ko malami ya ce saukar ta yi tsanani, jirgin ba ya sake tashi sai an duba gindin fukafukai, fatar sama ko ta yi tamoji, da maɗauran ƙafafu. Maida filolin kujera, jira bututu ya huce ka rufe shi, cika tanki kafin dare, ƙirga kayan aiki, sannan ka rubuta abin da ka gani a littafi da sunanka da lokaci.